Bayanin Gizon Ido da Gizon Kunne, Gargaɗi ga Muridi Mai Shiga Halwa

Da sunan Allah nike farawa, gare shi nike neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwana cikin ɗariƙa, Allah shi datar da mu da ku, tambaya ta yawaita gare ni, daga nan cikin Mashi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, bisa abin da muridi ke gani kadan ya rufe ido cikin zikiri, da abin da shike ji kadan dare ya raba, sawu ya ɗauke. Wani ya ga haske kore, wani ya ga fuska, wani an kira sunansa alhali ba kowa a ɗaki. Wannan shi zo da murna shina zaton an yi masa buɗi, wancan shi zo jikinsa na rawa shina zaton aljannu sun shafe shi. Amsata gare su duka ɗaya ce, ita ce ganin abu ba shi faɗa maka inda abin ya fito. Wannan takarda bayanin amsar nan ce, da abin da malamanmu na da suka sani, da abin da likitocin zamani suka daɗa bisa gare shi. Wanda ya iya karatu shi karanta wa wanda bai iya ba.

Fasali cikin yadda gani ke aukuwa

Ka sani, ya ɗan'uwa, ido ƙofa ne, ba shi ne mai gani ba. Haske shina shiga ta ƙwayar ido, shi faɗa bisa wani tantani a bayanta, sa'an nan jijiya ta ɗauki labari ta kai ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya. A nan ake haɗa sura. Ibnul Haisam mutumin Basra, wanda ya rasu a Misira wajen shekara ta 1040 Miladiyya, ya tabbatar cikin Kitabul Manaziri cewa haske daga waje shike shigowa ido, kuma gani ba shi cika sai da hukuncin hankali, har ya keɓe maƙala guda bisa kurakuran gani.

Kadan kana son shaida, ɗauko allonka wankakke, ka ɗiga ɗigo biyu na tawada a jere, tsakaninsu faɗin yatsa huɗu. Rufe idon hagu, ka kafa na dama bisa ɗigon hagu, ka miƙe hannu, kana ka jawo allon gare ka sannu sannu. A wani wuri kafin shi iso fuskarka ɗigon dama zai ɓace. Ba kuwa rami za ka gani a gurbinsa ba, itacen allo za ka gani sumul. Dalili, inda jijiyar nan ta huda ta fita daga ido, nan wurin makaho ne, wani malamin Faransa mai suna Mariotte ya bayyana shi a 1668. Tun ranar da aka haife ka ƙwaƙwalwarka ke cike wannan gurbi da abin da take zato, ba ta taɓa sanar da kai ba. To wadda ke yi maka wannan ciko da rana tsaka kana lafiya lau, ƙaƙa za ka amince mata cikin duhu bayan yunwar kwana uku?

Ibnu Sina, wanda ya rasu a 428 Hijiriyya, ya kwatanta wurin da ji da gani ke taruwa da allo. Wani lokaci ana rubutu bisansa daga waje, ta ƙofofi biyar. Wani lokaci daga ciki, daga taskar hayali. Muddin ƙofofin waje na aiki, marubucin ciki shina jiran sarari. Kadan barci ya zo, ko ciwo, ko tsoro mai tsanani, sai shi ɗauki alƙalami, mutum kuwa shi ga rubutun tamkar daga waje ya zo, zama allon ɗaya ne. Likitocin yau sun sake sunaye, sun gyara wuraren da ya ambata cikin kai, amma asalin maganarsa na nan tsaye.

Kuskuren gani iri biyu ne, likitan Faransa Esquirol ya rarrabe su tun 1817. Akwai wanda ke da tushe a waje, kamar igiya da ta zama maciji da magariba, ko kawalwalniya bisa hanyar Daura cikin bazara. Akwai wanda ba shi da tushe ko kaɗan, mutum shi ga doki inda babu ko turke. Na biyun shi muke nufi da gane-gane da jiye-jiye.

Fasali cikin rukunan riyala huɗu

Malaman tarbiyya sun gina riyala bisa abu huɗu, yunwa da raya dare da shiru da kaɗaita. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505 Hijiriyya, ya kawo su cikin Ihya'u, har ya yi nuni da zama a ɗaki mai duhu, wanda bai samu ba shi lulluɓe kansa da mayafi. Manufarsu karya son rai da tara himma wuri ɗaya. Amma ku lura, waɗannan huɗun su ne kuma ke rufe ƙofofin waje, su ba marubucin ciki sarari.

Tun daga 1951, a jami'ar McGill ta birnin Monturiyal cikin Kanada, an riƙa biyan ɗalibai dala 20 kowace rana don su kwanta a wani ɗan ɗaki. Aka rufe idanunsu da tabarau mai dishi-dishi wanda haske ke ratsawa ba sura, aka sa hannuwansu cikin kwali, aka cika kunnuwansu da gunjin inji mai sauti ɗaya. Mafi yawansu ba su wuce kwana biyu ko uku ba. Da fari suka ga ɗige-ɗigen haske da layuka, daga baya zane mai maimaita kansa kamar na tabarma, daga baya wasu suka ga abubuwa sosai, har ɗayansu ya ga jerin kurege na tafiya kowane da buhu a kafaɗa. An buga labarin a 1954. A farkon 1964 kuma wani saurayi ɗan shekara 17 a Amurka ya kwana 11 bai runtsa ba, tun bai yi rabi ba ya ɗauki allon kan titi mutum ne.

Ku tsaya nan ku yi tunani. Waɗannan samari ba su da alwala, ba su da wuridi, ba su da shehu, kuɗi suka je nema, sun kuwa ga haske. Ashe haske shi kaɗai ba shi zama shaidar kusanci. Ƙura ce ta hanya, mai zuwa ziyara da mai zuwa kasuwa duk suna tayar da ita.

Har surar abin da ake gani an san ta. Heinrich Klüver ya gwada wani tsiro mai sa maye na ƙasar Meksiko a kansa, ya rubuta a 1928 cewa zanen da ke fara bayyana ba shi wuce 'yan iri kaɗan: raga ko saƙar zuma, da yanar gizo, da rami mai zurfi kamar kana leƙa rijiya, da murɗaɗɗen zobe. Su ne mai ciwon ɓarin kai ke gani, da mai zazzaɓi, da wanda barci ya fara ɗauka, ko wace ƙasa shike, zama daga tsarin jijiyoyin ƙeya suke fitowa. Kai ma kadan ka danna gefen idonka da yatsa cikin duhu, haske zai taso.

Ba ni cewa malamai ba su yi magana bisa launukan haske ba. Shehu Najmuddini Kubra, wanda ya rasu a 618 Hijiriyya, ya rubuta bisa launukan da mai suluki ke gani da abin da suke nunawa. Amma ya rubuta wa almajirai ne da ke zaune gaban shehunsu, shina tambayarsu safe da yamma. Bai rubuta wa yaron da ya rufe kansa a zaure ba da izini ba, ya fito bayan kwana bakwai shina fassara wa kansa.

Hikayar Sidi Abdulƙadiri Jilani, Allah shi yarda da shi, sananniya ce gare ku. Haske ya cika masa sararin sama, murya ta yi da'awar ita ce Ubangijinsa, ta ce an halatta masa abin da aka haramta. Bai auna girman hasken ba, bai auna daɗin muryar ba, maganar ya auna, ya ga ta saɓa wa shari'a, ya nemi tsari, hasken ya koma hayaƙi. Imamul Ƙushairi cikin Risala ya kawo cewa abin da ke ɗarsuwa a zuciya huɗu ne, na Ubangiji da na mala'ika da na rai da na shaiɗan. Ni kuwa ina ce wa almajiraina, kafin ku zauna rarrabe huɗun nan, ku fara tambayar jiki: yaushe rabonka da barci, me ka ci, me ka sha, akwai zafi a jikinka, yaya idonka? Da yawa tambaya ta ƙare a nan.

Mas'ala. Kadan wani ya ce, ashe kana musun kashafi ke nan, da abin da Shehu Ahmadu Tijjani ya faɗa na ganin Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, a farke a Abi Samguna cikin 1196 Hijiriyya, da abin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya faɗa na ɗaura masa takobin gaskiya wajen 1794? Sai in ce, Allah shi tsare ni. Injin likita motsin ƙwaƙwalwa shike aunawa, ƙwaƙwalwa kuwa tana motsi kadan ka dubi mahaifinka na gaske tsaye gabanka, tana motsi kadan hayali ya zana maka shi. Motsin bai ƙaryata ba, bai kuma gaskata ba. Amma ku dubi yadda manyan suka yi da abin da suka gani. Shehu Usmanu ya shekara goma bayan wannan gani kafin hijira zuwa Gudu a 1804, da ya zo kafa wa jama'a hujja cikin Bayanu Wujubil Hijira a 1806, da Littafi da sunna da maganar malamai ya kafa ta, bai ɗora wa kowa wajibci da abin da shi kaɗai ya gani ba. Shehu Tijjani kuwa an ruwaito ya umurci a auna maganarsa da ma'aunin shari'a, a bar abin da ya saɓa. Kadan su sun yarda a auna su, kai wane ne da za ka ƙi?

Fasali cikin tsofaffi masu raunin ido

Wannan fasali na fi so ku riƙe, zama akwai zalunci a ɓoye cikinsa. A 1760 wani masani na birnin Janiba, Charles Bonnet, ya rubuta labarin kakansa, tsoho da ya kusa shekara 90, yana ta rufe masa ido. Tsohon nan shina ganin maza da mata da tsuntsaye da kekunan doki da gine-gine, su zo su wuce ba sauti, hankalinsa kuwa garau, ya san babu su. Yau da sunan Bonnet ake kiran wannan hali. Sababinsa, kadan ido ya daina aiko da labari, wurin gani na ƙwaƙwalwa ba shi zama banza, sai shi fara fito da ajiyarsa. A 1998 likitoci a Landan suka sa masu wannan hali cikin inji mai nuna inda ƙwaƙwalwa ke aiki, suka ga mai ganin launi wurin launi ne ya motsa, mai ganin fuska wurin fuska ne.

Na san wani dattijo daga cikin masu zama sahun gaba a wazifa, wanda ya shekara biyu shina ganin 'yan mahaya ƙanana, tsawonsu bai fi tafin hannu ba, da rawuna da dawaki cikin ado kamar hawan salla, suna ratsa bangon ɗakinsa bayan la'asar. Bai faɗa wa kowa ba, don tsoron 'ya'yansa su ce ya taɓu su karɓe gona daga hannunsa. Ranar da ya faɗa mini, da raɗa ya faɗa. Na tambaye shi, suna magana? Ya ce a'a. Ka san babu su? Ya ce na sani, shi ya sa nike tsoro. Na ce wannan sanin shi ne shaidar hankalinka, idonka ne ke neman magani. Aka kai shi Kano aka cire yanar, mahaya suka tafi abinsu. Ya ce mini daga baya, shina dariya, har ya yi kewar wani mai farin doki a cikinsu.

Tsofaffi nawa ke cikin gidajenmu da irin wannan, suna shiru? Tsohuwa kuwa ta fi shiga haɗari, zama da ta ce ta ga yara a tsakar gida da dare, sai a fara raɗe-raɗin maita. Ku tambaye su da ladabi. Mai wannan hali kadan abin ya taso, sau da yawa shina gushewa in an ƙara haske a ɗaki, ko ya juya idanunsa hagu da dama, ko ya tashi ya sake wuri. Yana kuwa ana cire ta, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, akwai cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna, a Katsina ma ana yi. Ku nisanci masu tura yana da allura a kasuwa, idanu da yawa sun mutu a hannunsu. Neman maganin ido ba rashin tawakkali ba ne, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya wallafa littafi bisa maganin ido.

Fa'ida. Mai takaba kadan ta ce ta ji takun mijinta a zaure, ko ta ji ya yi gyaran murya lokacin da ya saba fita asuba, kada ku tsorata ta. Likita Rees a ƙasar Wales ya tambayi mutum 293 da mazansu ko matansu suka rasu, ya buga a 1971, kusan rabinsu sun sami irin wannan, mafi yawa kuma sun ce sanyi suka ji a rai. Kunne ya shekara arba'in shina jiran taku ɗaya, ba shi daina jira cikin wata huɗu. Ta yi masa addu'a, shi ke nan.

Fa'ida cikin dannau. Akwai wani yanki na barci da idanu ke yawo ƙarƙashin fatarsu, an gano shi a Shikago a 1953, a cikinsa mafi yawan mafarki mai sura ke aukuwa. A wannan lokaci ƙwaƙwalwa na ɗaure gaɓoɓi don kada mai barci shi tashi shi aikata mafarkinsa, rahama ce. Wani lokaci hankali shi farka ɗaurin bai kwance ba, sai mutum shi ga ɗakinsa sosai, ba shi iya motsi, ƙirji ya yi nauyi, sauran mafarki kuwa shi zubo cikin ɗakin ya zama baƙar inuwa a bakin ƙofa. Wajen mutum 8 cikin 100 na samunsa ko sau ɗaya a rayuwa. Larabawa na kiransa kabusu, Ibnu Sina ya yi masa fasali cikin Ƙanunu a sahun cututtukan kai. Kowace ƙasa da fuskar da take sa masa, a wani tsibirin Kanada tsohuwa ce ke hawa ƙirji. Ya fi kama mai kwanciya rigingine da mai yanka barcinsa gunduwa gunduwa, don haka masu raya dare sun san shi. Ba shi kisa, ba shi wuce 'yan mintoci. Ka ambaci Allah a zuci, ka nemi motsa ɗan yatsa, gobe ka kwanta bisa gefen dama kamar yadda sunna ta koyar.

Fasali cikin abin da ba shi jiran gobe

Waɗanda suka gabata sun san abin da suke gani babu shi, ko su gane da zarar ya wuce. Akwai wanda hankalin kansa ne ya dagule, bai san inda shike ba, bai san rana ba. Wannan gaggawa ce.

Yaro mai zafin jiki cikin damina kadan ya fara sambatu, shina nuna abu a rufin ɗaki, ko ya shiɗe, ku ɗauka zazzaɓin sauro ne ya hau kai har sai likita ya ce ba shi ba ne. Cikin bazara kuwa kadan wuya ya sandare tare da zafi, sanƙarau ne abin tsoro, wanda ya kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya cikin 1996, mafi yawa a arewa. Ku yi masa tofi kuna bisa hanyar asibiti. Kada a kwana ana hayaƙi ana tambayar aljani sunansa. Haka mai ciwon sukari da ya matsa wa kansa da azumin nafila, kadan ya ruɗe shina gumi, a ba shi abu mai zaƙi in shina iya haɗiya, a kai shi. Mai farfaɗiya kuma wani kafin shi faɗi shikan ji warin ƙuna, ko sauti, ko tsoro ba dalili. Likita Penfield a Monturiyal ya riƙa taɓa ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya da 'yar wutar lantarki suna farke lokacin aiki, cikin mutum 1,132 mutum 40 suka ji murya ko kiɗa ko suka ga wani wuri da suka sani, dukansu kuwa a gefen kai ne wajen kunne aka taɓa. Farfaɗiya tana da magani, ba a kuwa ɗaukarta ta miyau, ku daina gudun mai ita.

Sai zaƙami, wanda ke tsirowa a juji da kango, mai fure kamar bakin kakaki da 'ya'ya masu ƙaya. Ana ce masa babba jibji, ana ce masa haukata yaro, Likita Dalziel ya rubuta sunayen nan cikin littafinsa na tsirran ƙasar Hausa a 1916, ya ambaci ba samari shi wajen sharo. Har yau marasa tsoron Allah na jefa shi cikin kunu ko zoɓo a gidan biki. Dafinsa, wanda likitoci ke kira atirofin da hayosin, shina toshe wani ruwan saƙo da jijiyoyi ke magana da juna da shi. Alamarsa ba ta ɓuya: baki shi bushe ƙaf, baƙin ido shi buɗe, jiki shi yi zafi ba gumi, zuciya ta yi ta gudu, fitsari shi ƙi fita, mutum shi yi ta tsintar abin da babu a ƙasa, shina hira da waɗanda ba su nan. Kadan ya warke ba shi tuna komai, kadan abin ya yi yawa ba shi warkewa. A 1676 sojojin Ingila a Jamestown ta Amurka sun dafa ganyen ɗan'uwan wannan tsiro suka ci, suka kwana 11 suna wauta. Abin al'ajabi, makarinsa daga ƙasarmu ya fito, daga wani wake na Kalaba da mutanen can ke ba wanda ake tuhuma da maita a da, masana a Jamus suka fitar da sinadarinsa a 1864. Shi ma dafi ne mai kisa, ba shi zama magani sai a hannun likita da awo.

Na kawo zaƙami ne don abu ɗaya. Duk wanda ya miƙo maka abin sha ko turare ya ce zai yaye maka hijabi ka ga rauhanai, ka tashi daga gabansa. Za ka gani kam, shanun da suka ci ganyen ma suna ruɗewa.

Fasali cikin muryoyi

Jin an kira sunanka sau ɗaya lokacin da barci ke fizgarka ba komai ba ne, masu lafiya da yawa na ji. Wanda nike tsoro ga samarinmu daban ne. Kowane mutum shina magana da kansa a zuci, ƙwaƙwalwa kuwa tana sa wa wannan magana alama cewa taka ce, kamar yadda take sa wa taɓawar hannunka alama, shi ya sa ba ka iya yi wa kanka cakulkuli. Akwai ciwon da ke goge alamar, sai mutum shi ji zancen zucinsa tamkar wani ne ke faɗa daga bayan ƙofa. A 1949 Likita Gould a Amurka ya sa abin ƙara sauti kusa da bakin mai wannan ciwo, sai ga raɗa na fita, kalmominta kuwa su ne na muryar da ake kuka da ita. Ciwon shina kama wajen mutum 1 cikin 300 a duniya, ya fi farawa tsakanin balaga da shekara talatin, daidai shekarun da yaro ke zafin neman ɗariƙa. Shan wiwi na iya tayar da shi ga wanda ke da shirinsa a jiki.

Ku lura da wannan ƙwarai. Malama Luhrmann da abokan aikinta sun tambayi masu wannan ciwo mutum 60, ashirin a Kalifoniya, ashirin a Akara ta Gana, ashirin a Cennai ta Indiya, aka buga a 2014. Na Amurka mafi yawa muryoyin zagi da tsoratarwa suke ji, na Indiya da yawa muryar dangi suke ji tana aikensu, na Gana da yawa sun ce Ubangiji ne ke musu magana. Ciwo ɗaya, amma da harshen gidan da ya sauka shike zance. Yaron da ya tashi cikin zawiya, kadan ciwon ya kama shi, da muryar shehunai za shi ji, da kalmomin fana'i da jazabu. Don haka kyawun lafazin murya ba shi wanke ta. Ku dubi yaron. Kadan barci ya ƙaurace masa kwana da kwanaki, ya bar wanka, ya bar sana'a, shina zargin an sa masa abu a tuwo, shina dariya shi kaɗai, ko ya ce an ɗauke masa salla, ko murya na umurtarsa shi cuci kansa ko wani, kada ku ce majazubi ne ku taru kuna neman albarka. Na ga wanda aka yi wa haka, mutane na sumbatar hannunsa wata shida, uwarsa na kuka a ɗaki, ita kaɗai ta san ɗanta ba shi da lafiya. Kowane wata na jinkiri shina ƙara wa magani wuya.

Kada kuma ku ce aljani ne ku sa masa mari. A Satumba 2019 aka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, a Oktoba aka buɗe wani a Daura da wani a Katsina, aka fito da mutane da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya, da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu suna neman gyara. Wannan a ƙofar gidanmu ya auku, ba labarin nesa ba ne. Bulala ba ta mayar da alamar da ta goge cikin ƙwaƙwalwa. Magani ya samu tun 1952 a birnin Faris, wanda aka sani da suna Largactil, bayansa an sami wasu da dama. A 1954 Likita Lambo a Aro kusa da Abekuta ya zaunar da marasa lafiya cikin gidajen ƙauye, kowane da ɗan'uwansa mai kula da shi, ya kuma yi aiki tare da masu maganin gargajiya, bai raba mutum da abin da ya yi imani da shi ba. A farkon 2023 sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwa ta 1958. Akwai asibitin wannan fanni a Kware kusa da Sakkwato, da Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, a birnin Katsina ma akwai likitocinsa. Muƙaddami shi raka almajirinsa da kansa, shi ci gaba da yi masa addu'a, kada kuwa shi ce masa shi bar ƙwaya don ya ji sauƙi, zama barinta farat ɗaya shi ke dawo da ciwo.

Tambihi ga muƙaddamai, ko Ƙadirawa ko Tijjanawa. Ni ba ni ba kowa izinin halwa sai na tambaye shi barcinsa da cinsa, da ko ya taɓa faɗuwa, da abin da ya taɓa sha, da ko a danginsa akwai wanda kansa ya taɓa juyewa. Wanda ya shiga, ina leƙa shi kowace rana bayan la'asar, in sa shi faɗa mini abin da ya gani ba tare da na nuna masa murna ko tsoro ba, in tabbata ya sha ruwa da buɗa baki, ya kuma sami barci ko na sulusin dare. Kadan ya kwana biyu bai runtsa ba ina fito da shi, ko shina kuka. Wanda kuwa na ga alamar rauni gare shi tun farko, ina ba shi wuridinsa cikin jama'a, da ɗebo ruwan alwala, da sharar masallaci, in umurce shi da kwanciya bayan lisha.

Tammat. An rubuta a Mashi.